Idan banki ya cire kuɗi sau biyu

Mutumin Kademi da ya ba banki izinin cire masa kuɗin bashi duk wata yana iya wayar gari ya ga alat biyu na kuɗi ɗaya. Kada ya goge saƙonnin. Kwanan wata da lambar cinikin da ke ciki su ne hujjarsa.

Mai POS ba shi da ikon mayar da kuɗin nan. Bankin da asusun yake ake kai wa ƙorafi, ta waya ko a reshe, kuma lallai a karɓi lambar ƙorafin. Abin takaici, da yawa kan haƙura saboda kuɗin mota zuwa Kano. In mako biyu suka wuce shiru, sai a rubuta wa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya, a haɗa da lambar ƙorafin.