Tsamin da Ke Cin Haƙori a Ɓoye

Idan zafin Afrilu ya haura digiri 40 a Maiduguri, da wuya ka ratsa unguwar Fezzan ba ka ga mai tsotsar ƙullin zoɓo ko ardeb, ruwan tsamiyar nan mai sanyi, ba. Wani ya shanye ya ce tsami ya kashe masa haƙori. Gaskiyarsa, sai dai abin ya wuce yadda yake zato.

Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori ya fi ƙashi tauri, kusan kashi 96 cikin ɗari nasa ma'adini ne. Amma tsami na narkar da shi. A ma'aunin pH, inda raguwar lamba ke nufin ƙaruwar tsami, ɓawon yakan fara laushi daga wajen 5.5. Lemon kwalba irin su Coca-Cola na wajen 2.5, lemun tsami ma haka. Wannan narkewar ba kogon haƙori ba ce, ba ruwanta da ƙwayoyin cuta. Zaizayewa ce, kuma abin da ya zaizaye ya tafi ke nan.

Yawu ne mai gyaran ɓarnar tun ɓawon bai wuce laushi ba: ya wanke tsamin, ya mayar da ma'adinin. Amma yana son lokaci. Shi ya sa wanda ya kwankwaɗe kofinsa a zama ɗaya ya fi mai kurɓa kaɗan-kaɗan tun daga hantsi har la'asar tsira. A azumi ma, bakin da ya wuni a bushe shi muke tara da kunun tsamiya.

Wani tsamin kuma daga ciki yake tasowa. Mai yawan ƙwannafi da mai laulayin ciki, ruwan cikinsu kan ci haƙoran sama ta baya, inda madubi ba ya nunawa. Sai an fara jin tsirawa in an sha ruwan sanyi, ko haƙoran sun koma rawaya-rawaya, sannan a farga.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici na masu tsafta ne. Ana gama amai ko shan tsami sai a rarumi buroshi ko asuwaki, a kankare ɓawon tun yana da laushi. A kurkure da ruwa kawai, a jira kamar awa guda, sannan a goge da man da ke da fuloraid.

Wanda tsirawar ta dame shi ya je sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, kuma ya gaya wa likita zancen ƙwannafin.