Laifin Babba Rowa: Yadda Jama'a Ke Yi Wa Manya Uzuri

Hausawa su kan ce, laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya. Asalin wannan karin magana a kan zaman ubangida da baransa ne. Shi bara an ɗora masa aiki, in ya ƙi aike ya yi laifi. Shi kuwa ubangida an ɗora masa ciyarwa da tufatarwa, in ya hana ya yi laifi. A nan maganar daidai ta ke, gama kowa an nuna masa abin da ke wuyansa. Amma kadan aka ƙara dubawa za a ga wani abu a ƙarƙashinta. Laifi ɗaya tak aka lissafa wa babba. Ba a ce zalunci ba, ba a ce cin amana ba, rowa kaɗai aka ambata. Watau muddin hannunsa a buɗe ya ke, sauran halinsa ba a cika bincikawa ba. Daga nan ne mafi yawan uzurin da a ke yi wa masu dukiya da masu suna ya ke tasowa.

Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne sha'anin roƙo. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya buga makala a kan maroƙan Hausa a mujallar Africa cikin 1957, ya nuna cewa roƙo wata hanya ce ta bayyana matsayin kowa a gari. Maroƙi ya kan wasa mutum da asalinsa da sarautarsa da yawan jama'arsa, amma abin da ke riƙe da yabon duka kyauta ce. Wanda ya bayar a kai shi sama, wanda ya hana a juya masa da habaici da zambo, har a tono abin kunyar kakanninsa a bainar jama'a. Abin lura a nan shi ne, maroƙin ya san aibun mutanen nan biyu tun da fari. Na marowaci ya ke faɗi, na mai kyauta ya haɗiye. Tun da ya ke kuwa bakin maroƙi shi ne jaridar gari a zamanin da, sai ya zamana aibun da jama'a su ka saba ji ana shela na marowata ne kaɗai.

Kada a zaci wannan hali na Hausawa ne su kaɗai. A Ingila an yi wani mutum, Jimmy Savile, wanda ya yi suna ƙwarai wajen gabatar da shirye-shirye a rediyo da talabijin na BBC. Ya tara wa asibitoci da gajiyayyu gudummawa wajen fam miliyan 40, aka ba shi lambar girma ta Sir a 1990. Saboda wannan hidima aka ba shi ɗaki a asibitin Stoke Mandeville, aka danƙa masa mabuɗai a asibitin Broadmoor, yana shiga inda ya ga dama. A 2009 'yan sanda su ka yi masa tambayoyi a kan ƙarar da wasu mata su ka kai, maganar ta mutu a nan. Ya rasu a 2011 da girmansa, aka yi masa jana'iza ta manya. Sai bayan mutuwarsa asiri ya tonu: rahoton da 'yan sanda su ka fitar a watan Janairu na 2013 ya ce mutum 450 ne su ka kawo kuka, aka rubuta laifi 214 na lalata, mafi yawa da yara. Waɗansu daga cikin yaran nan sun faɗa tun a lokacin, ba a saurare su ba. Wa zai tsaya ya ji maganar yarinya a kan mutumin da ya gina sashen asibiti?

Hanya ta biyu ita ce a yarda an yi ɓarna, amma a ɗauke ta daga kan babba a aza wa na ƙasa da shi. Ba a mugun sarki sai mugun bafade. Maganar tana da kashin gaskiya, domin sarki ba ya ganin talakawansa sai ta idon fadawa, kuma sau da yawa abin da jakada ya karɓa a ƙauye ya ninka abin da aka aike shi ya karɓo. Tana kuma da wani amfani ga talaka, gama ta ba shi ƙofar da zai yi kuka ba tare da ya taɓa sarki ba. Illarta ita ce ba ta tambayar wanda ya naɗa bafaden, ya bar shi shekara da shekaru, yana cin rabonsa daga abin da ya ƙwato. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Turawan Ingila har doka su ka yi da wannan ra'ayi, cewa sarki ba ya laifi sai dai masu ba shi shawara. Da Majalisa ta husata da mulkin Sarki Charles na ɗaya, wazirinsa Strafford ta kama, aka sare kansa a 1641, sarkin da kansa ya sa hannu. Sai da aka yi yaƙin basasa kafin a iya gurfanar da sarkin a 1649.

Hanya ta uku ta fi waɗannan muni, domin kan mai ƙara ta ke faɗawa. Da zarar an ambaci laifin mai arziki sai a ce sharrin maƙiya ne, a kawo hassada ga mai rabo taki. In wanda aka cuta ya matsa, a ce masa in ɓera na sata daddawa ma na wari. Kalmomin da a ke zaɓa ma sun isa abin nazari ga malamin harshe. Wanda ya ɗauki akuya ɓarawo ne, yara su bi shi da ihu. Wanda ya kwashe baitulmali a kan ce ya ci kuɗi, ko ya taɓa, ko an sami kuskure a lissafi, ko tsautsayi ya afka masa. Kalmar ci kuwa ita ce dai wadda a ke cewa ya ci sarauta, ya ci jarrabawa, ya ci riba. Ba ta ɗauke da ƙyamar da ke cikin sata. Ya kamata malaman da ke koyar da karin magana su riƙa rarrabe wa ɗalibai tsakanin wadda ke faɗin yadda duniya ta ke da wadda ke umurni da yadda za a yi, gama yara su kan ɗauki duka biyun a matsayin hukuncin magabata.

Ba daidai ba ne a ce masu yin uzurin nan wawaye ne. Inda babu asusun da zai ɗauki marar lafiya ko ya biya kuɗin makarantar maraya, ƙofar gidan mai kuɗi ita ce rumbu, ita ce asibiti. Wanda ke ci a zauren nan, in an ɗaure maigidan, shi ma tukunyarsa ta sauka. James Ibori, wanda ya yi gwamnan Jihar Delta daga 1999 zuwa 2007, wata kotu a Asaba ta kori tuhuma 170 da aka yi masa a 2009. Kotun London ta ɗaure shi shekara 13 a 2012 bayan ya amsa laifi da bakinsa. Da ya komo garinsu Oghara a 2017, taron jama'a ne ya tarye shi da kiɗa da rawa. Sun san abin da ya yi. Lissafinsu shi ne, abin da ya kwasa na kowa da kowa ne, abin da ya raba kuwa a hannunsu ya faɗa.

Malaman Musulunci sun daɗe da sanin wannan cuta. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wata mace ta Banu Makhzum, gidan daraja a cikin Ƙuraishawa, wadda ta yi sata, danginta su ka aiki Usama ɗan Zaidu ya roƙa mata sassauci. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi, ya bayyana cewa abin da ya hallaka al'ummomin da su ka gabata shi ne sakin mai daraja da hukunta mai rauni, ya kuma yi rantsuwa cewa ko 'yarsa Faɗimatu ce ba zai ɗaga mata ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, wanda Mervyn Hiskett ya buga da fassarar Turanci a 1960, ya lissafa al'adun sarakunan Haɓe da ya ƙi, kamar gaisuwa da a ke kai wa masu mulki, da karɓar dukiyar mai laifi a maimakon hukuncin da shari'a ta yanke. Dalilin ƙin wannan na ƙarshe a bayyane ya ke. Hukuncin da a ke fansa da kuɗi, ga mai kuɗi farashi ne kawai.

Al'adar ba ta mutu tare da sarakunan Haɓe ba. A watan Janairu na 2013 wata babbar kotu a Abuja ta sami wani babban ma'aikaci na ofishin fanshon 'yan sanda da laifin karkatar da fiye da naira biliyan 20. Aka yanke masa ɗaurin shekara 2 ko tarar naira 750,000, ya biya ya tafi gida. Wannan karon jama'a ba ta yi uzuri ba, ƙasa ta ɗauki surutu, watakila domin kuɗin na tsofaffin 'yan sanda ne da kowa ya san fuskokinsu, mutumin kuma ba shi da zauren da a ke ci. Aka ɗaukaka ƙara, a 2018 aka mayar da hukuncin ɗaurin shekara 6, aka kuma umurce shi ya mayar da naira biliyan 22.9.