Coci da Yaƙin Iraƙi: Yadda Aka Hangi Amurka daga Kuala Lumpur

A watan Nuwamba na 2011 wata kotu ta zauna a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, ta sami tsohon shugaban Amurka George W. Bush da tsohon firayim ministan Birtaniya Tony Blair da laifin afka wa Iraƙi a 2003 ba bisa doka ba. Babu ɗayansu da ya halarta, kuma kotun, wadda tsohon firayim minista Dakta Mahathir Mohamad ya assasa, ba ta da ikon ɗaure kowa. Amma zamanta ya sake tayar da wata tambaya da ta daɗe tana yawo a ƙasashen Musulmi, watau shin addini ne ya kai Amurka wannan yaƙi?

Masu wannan zato ba su rasa hujja ba. Tsarin mulkin Amurka ya hana gwamnati ɗaukar wani addini ya zama na hukuma tun 1791, amma bai hana coci tasiri a kan ƙuri'a ba. Bush da kansa ya faɗa a 1999, yana neman takara, cewa Almasihu ne ya sauya masa zuciya. Ranar 16 ga Satumba 2001, kwana 5 bayan harin New York da Washington, sai ya kira yaƙin da zai yi da ta'addanci da kalmar da Turawa suke kiran yaƙe-yaƙen Salibi da ita. Ga kunnen Ba'amurke kalmar tana nufin himma kawai. Ga kunnen Musulmi kuwa Ƙudus take tunowa. Kashegari ya ziyarci Cibiyar Musulunci ta Washington yana yabon Musulunci, amma magana zarar bunu ce.

Bugu da ƙari, a Oktoba 2002 Richard Land, jigo a cocin Baptis ta kudancin Amurka, da wasu shugabannin masu bishara suka rubuta wa Bush cewa yaƙar Saddam Husaini halal ce a koyarwar Kirista. Bayan shekara guda aka fallasa cewa Janar William Boykin yana shiga coci-coci sanye da kakin soja yana kwatanta yaƙin da faɗa da Shaiɗan. A zaɓen 2004 fiye da kashi uku cikin huɗu na Turawa masu bishara Bush suka zaɓa.

To, amma wanda ya tsaya nan ya ji rabin labari ne. Fafaroma John Paul na Biyu ya tura Kadina Pio Laghi Washington a Maris 2003 ya roƙi Bush ya janye. Shugabannin cocin Methodist, wadda Bush kansa yake cikinta, sun ƙi yaƙin. Jimmy Carter, tsohon shugaban ƙasa kuma malamin makarantar Lahadi a cocin Baptis, ya rubuta cewa yaƙin bai cika sharuɗɗan adalci ba. Haka kuma waɗanda suka tsara shi, irin su Dick Cheney da Donald Rumsfeld, zancen makaman ƙare dangi da tsaron Amurka suka riƙa yi, ba zancen Linjila ba. Abin da imani ya bayar shi ne lafazi da goyon bayan masu jefa ƙuri'a, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga shugaban da yake neman zarcewa.

Ita ma kotun Kuala Lumpur ba ta kafa tuhumarta a kan addini ba. Dokokin ƙasa da ƙasa ta dogara da su, musamman cewa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya bai ba da izinin yaƙin ba. A watan Mayu 2012 ta sake zama, ta sami Bush da Cheney da Rumsfeld da laifin azabtar da fursunoni.