Mutum-mutumin tantance shara

Mutum-mutumin tantance shara na'ura ce mai hannun ƙarfe da ake girkawa a masana'antun sake sarrafa shara, domin ware roba, gwangwani, kwali da katako daga cikin bola.

Tarihi

Kamfanin ZenRobotics, wanda aka kafa a Helsinki ta ƙasar Finland a shekarar 2007, yana cikin na farko da suka ƙera irin wannan na'ura, musamman don tarkacen gine-gine. Kamfanin Terex ya saye shi a 2022.

Yadda yake aiki

Shara tana tafiya a kan bel, kyamara tana ɗaukar hotonta, kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira ta gane kowane abu, sai hannun ya cafke shi ya jefa a mazubinsa. Hakan yana kare ma'aikata daga fasassun kwalabe da alluran asibiti.

A ƙasar Hausa

A Arewacin Najeriya, 'yan gwangwan da 'yan jari-bola ne ke wannan aiki da hannu, kuma da shi suke ciyar da iyalansu. Na'urar tana da tsada, tana kuma buƙatar tsayayyar wutar lantarki da shara da aka tara wuri guda.