Birkin ABS: jita-jitar tasha da gaskiyar magana

A Madarunfa, da gareji-garejin da ke hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa, akwai maganar da ta kama bakin direbobi: wai birkin ABS na titin Turai ne, a nan kuwa halaka mutum yake yi, gara bakanike ya cire shi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta yi ƙarfi, amma yawancinta kuskure ne.

Babbar hujjarsu ita ce karkarwar da birki ke yi a ƙarƙashin ƙafa, da gurnanin da ake ji idan an taka shi da ƙarfi. Sai direba ya tsorata ya ɗage ƙafa, yana zaton birki ya tsinke. Alhali a lokacin ne yake aikinsa. Kowace taya tana da na'urar da ke lura da juyawarta. Da ta kusa ƙamewa, sai kwamfutar motar ta sassauta matsin man birki ta sake matsawa, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Tayar da ta ƙame ba ta jin sitiyari, ko ka murɗa shi iya ƙarfinka motar gaba za ta zarce. Da ABS kuwa, kana birki kana kauce wa amalanke ko saniyar da ta faɗo kwalta. Saboda haka ka danne ƙafarka, kada ka yi ta taka-ka-saki irin na tsofaffin motoci. ABS ba baƙon abu ba ne: tun 1978 Bosch da Mercedes-Benz suka fito da shi, kuma yana jikin galibin ƙananan motocin da ake shigowa da su daga Turai.

Ga inda direbobi suka yi gaskiya. A kan rairayi ko burji, irin hanyoyin ƙauyukan da ke gefen tafkin Madarunfa da Gulbin Maraɗi, tayar da ta ƙame tana nutsewa ta tara ƙasa a gabanta, motar ta tsaya da wuri. ABS yana hana hakan, don haka nisan tsayawa kan ƙaru. Maganinsa rage gudu ne, domin idan gudu ya ninka biyu, nisan birki ninka huɗu yake yi. Haka na'urar hana santsi: idan taya ta fara juyawa a banza, tana rage ƙarfin inji, wanda zai iya kafar da kai cikin taɓon damina. Kashe ta da maɓallinta a irin wannan wuri daidai ne, muddin ka kunna ta da ka hau kwalta.

Masu cewa wutar ABS ta kama, ke nan babu birki, su ma ba haka ba ne. Birki na nan, kariyar ce ta tafi, sau da yawa laka ce ta toshe na'urar taya ko waya ta yanke. Jar wutar birki ce abin tsoro; ita kam a tsaya a duba man birki.

Jita-jitar da ta fi tayar mini da hankali ita ce ta masu zuba ruwan sabulu a madadin man birki, wai duk ɗaya ne. Birki yana zafi, ruwa ya tafasa ya zama tururi, ka taka ƙafarka ta kai ƙasa babu komai. Man birki na gaske ma, DOT 3 ko DOT 4, yana shan danshi a hankali, shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canza shi duk shekara biyu.