Milisakan 30 da Ke Tsakanin Makaɗi da Abokin Kiɗansa a Intanet

Mutum biyu za su iya shafe awa guda suna hira ta WhatsApp ko Zoom, babu wanda zai lura cewa muryarsa tana makara kafin ta isa. A hira kowa yana faɗin tasa ne ya saurara, don haka ɗan jinkiri ba ya ɓata komai. Amma da zarar sun ce bari su tafa tare, ko ɗaya ya ɗauki jita ɗaya ya zauna gaban fiyano, sai abin ya dagule. Kowa na jiran bugun ɗan'uwansa, bugun yana zuwa a makare, sai kowa ya ɗan ja da baya, kiɗan ya yi ta sanyi har ya tsaya. Makaɗa a faɗin duniya sun ɗanɗana wannan a shekarar 2020, lokacin da kullen korona ya rufe situdiyo da wuraren atisaye. A lokacin ne mutane da yawa suka fara jin sunayen manhajojin da aka ƙera musamman don wannan aiki: Jamulus, wadda Volker Fischer ya soma rubutawa a Jamus tun 2006, da JackTrip ta cibiyar binciken kiɗa da kwamfuta ta Jami'ar Stanford a Amurka, da SonoBus, da JamKazam.

Manhajojin suna aiki. Sai dai mafi yawan waɗanda suka gwada suka watsar sun yi hakan ne saboda sun ɗora laifin a inda ba nan yake ba. Wani ya sauya kamfanin data, wani ya sayi sabon akwatin sauti, wani ya kwana yana murɗa saitin manhaja sama da ƙasa, alhali jinkirin ba daga wuri guda yake fitowa ba. Taruwa yake yi kaɗan-kaɗan a kan hanya, kuma sai mutum ya san nawa kowane zango ke ci kafin ya san inda zai taɓa.

Mu fara da sanin nawa kunne zai iya ɗauka. Milisakan ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan guda cikin iska, wato kowace mita tana cin kusan milisakan 3. Makaɗin da ke tsaye mita 10 daga abokinsa a dandali yana jin bugunsa bayan kusan milisakan 30, kuma ana yin kiɗa a haka lafiya. Chris Chafe da abokan aikinsa a Stanford sun auna wannan a wani bincike da suka fitar a 2004. Sun raba mutane biyu-biyu a ɗakuna daban, suka sa su tafa wani salo tare ta na'urar kunne, suna ƙara jinkiri tsakaninsu. Sun gano cewa a wajen milisakan 11.5 ne masu tafin suka fi riƙe gudu ɗaya. Ƙasa da haka sai su riƙa ƙara sauri, sama da haka sai su riƙa sanyi, kuma sanyin na ƙaruwa yadda jinkirin ke ƙaruwa. Shi ya sa masu wannan harka suka fi ambaton milisakan 25 zuwa 30 a matsayin iyakar da kiɗa ke tafiya ba tare da wahala ba. Waƙa mai sanyi takan jure fiye da haka. Kiɗa mai zafi, irin wanda kalangu ko ganga ke ja, ba ya jurewa, domin a gudun bugu 120 a minti, ƙananan bugun da ke tsakanin manyan ba su wuce milisakan 125 ba, jinkirin 60 kuwa ya cinye kusan rabin wannan tazara.

Zangon farko yana kan teburinka: akwatin da ke karɓar sautin makirfo ko jita ya mayar da shi lambobi, wanda 'yan situdiyo suka fi kira sawunkad, irin su Focusrite Scarlett ko Behringer UMC. Akwatin yana auna sautin sau 48,000 a kowane sakan. Kwamfuta ba za ta iya karɓar kowane awo shi kaɗai ba, don haka sai a tara su rukuni-rukuni kafin a miƙa mata. Girman wannan rukuni shi ne bafa. Abin ya yi kama da lodi a tasha. Ƙaramar mota takan cika da wuri ta tashi, amma sai ta yi sawu da yawa, kuma idan direba ya makara sau ɗaya fasinja sun tsaya a rana. Babbar bas ba ta wahalar da kowa da yawan sawu, sai dai wanda ya fara shiga zai daɗe a zaune.

Lissafin ba shi da wuya, a raba girman bafa da 48,000. Bafa 64 tana cin milisakan 1.33, 128 tana cin 2.67, 256 tana cin 5.33, 512 tana cin 10.67, sai 1024 da ke cin 21.3. Kuma sau biyu ake biya, sau ɗaya wajen shigar sauti, sau ɗaya wajen fitarsa zuwa kunne, ban da ɗan abin da na'urar juya sautin da hanyar USB ke ƙarawa. A nan ne masu haɗa waƙa a FL Studio ko Cubase suka fi faɗawa tarko. Sun saba barin bafa a 512 ko 1024 don kwamfuta ta iya ɗaukar tarin kayan gyaran murya lokacin haɗa waƙa, kuma hakan daidai ne a wannan aikin. Amma wanda ya shiga kiɗa kai-tsaye da bafa 1024 ya riga ya kashe fiye da milisakan 40 tun sautinsa bai fita daga ɗaki ba. Jamulus ma ba ta son komai sai 64, 128 ko 256, kuma 128 ce masu ita suka ba da shawara a fara da ita. Ina ganin shawarar ta dace da kusan kowa. Daga 128 zuwa 64, abin da za ka samu bai kai milisakan 3 ba a shiga da fita, amma ka ninka yawan kiran da ake yi wa kwamfutarka a kowane sakan daga 375 zuwa 750. Tsohuwar kwamfuta ba za ta iya ba, kuma sauti mai tsabta da ƙarin milisakan 3 ya fi sauti mai ƙaras-ƙaras daɗin kiɗa.

Akwai waɗanda za su buɗe saitin su tarar ba a ma ba su damar sauya bafa ba, ko sun sauya amma jinkirin na nan. Galibi matsalar direba ce, wato 'yar manhajar da ke tsakanin sawunkad da kwamfuta. A Windows, hanyar sauti ta yau da kullum tana bi ta matakai da yawa, kowanne da tasa ajiyar. Kamfanin Steinberg, mai Cubase, ya fito da tsarin ASIO a ƙarshen shekarun 1990 don manhajar kiɗa ta yi magana da na'ura kai-tsaye. Abin da ya kamata shi ne a sauke direban ASIO na kamfanin da ya ƙera akwatin, a zaɓe shi a cikin manhajar, a tabbatar an sa shi a 48,000 ba 44,100 na faifan CD ba, domin Jamulus a 48,000 kaɗai take aiki. ASIO4ALL, wadda mutane da yawa suka sani, an yi ta ne don masu na'urar da ba ta da nata direban, kuma ɗora ta a kan akwatin da ke da nasa koma-baya ne. Masu Mac ba su da wannan damuwa sosai, tsarin Core Audio ya wadatar da su.

Sai batun ƙaras-ƙaras da yankewar sauti, wanda ya fi komai ruɗa mutane, saboda abubuwa biyu daban ne ke haifar da shi kuma a kunne kusan iri ɗaya suke. Ko dai kwamfuta ta kasa cika bafa a kan lokaci, ko kuma ƙunshin sauti ya makara a hanyar intanet. Maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan aiki. Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce mutum ya kunna sabar Jamulus, wato manhajar da ke karɓar sautin kowa ta haɗa ta mayar musu, a kwamfutarsa, ya shiga ta ta adireshin 127.0.0.1, wanda ke nufin ita kanta kwamfutar. A nan babu intanet a tsakani. Idan sautin ya ci gaba da tsinkewa, laifin na cikin gida ne: a rufe burauza da duk wata manhaja mai aiki a bayan fage, a soke sawunkad kai-tsaye a jikin kwamfuta ba ta mahaɗar USB mai baki da yawa ba, a sa tsarin wuta a kan cikakken ƙarfi. Wannan na ƙarshe ya shafe mu ƙwarai a inda wutar lantarki ba ta da tabbas, domin kwamfutar cinya takan rage wa kanta ƙarfi da zarar ta koma kan batir, sai saitin da ya yi aiki da rana ya ƙi aiki da daddare. Manhajar LatencyMon ta kyauta tana nuna wane direba ne ke tsare kwamfutar, kuma sau da yawa na Wi-Fi ne. Idan duk an yi wannan bai daina ba, a ɗaga bafa zuwa 256.

Na'urar kunne ta Bluetooth kuwa ba ta da gurbi a wannan aiki ko kaɗan, ita kaɗai takan ƙara milisakan 100 ko fiye. Lasifika ma a ajiye ta, don tana mayar da sautin abokan kiɗa cikin makirfo. Na'urar kunne mai waya ake so.

Idan gwajin cikin gida ya fito tsaf amma sauti ya lalace da aka shiga sabar waje, to layi ne. A nan mutane sukan yi alfahari da saurin datarsu, alhali ba sauri ake nema ba. Jamulus tana matse sauti da tsarin Opus, kuma abin da take ci bai kai megabit ɗaya a sakan ba. Abin da take buƙata shi ne ƙunshin sauti ya riƙa isowa ɗaya bayan ɗaya a kan kari. Wi-Fi da data ta wayar salula ba sa ba da wannan, domin na'urori da yawa ne ke rabon iska ɗaya, wani ƙunshi ya iso cikin milisakan 15, na bayansa ya ɗauki 70. Don rufe wannan giɓi ne manhajar ke da bafa ta biyu, ta layi, wadda ke tara ƙunshi kaɗan kafin ta saki sauti. Yadda layi ya kai rashin tabbas, haka wannan bafa ke girma, kuma jinkiri ke ƙaruwa. Saboda haka igiyar intanet daga rauta zuwa kwamfuta, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba, takan gyara abin da sabon sawunkad mai tsada ba zai gyara ba. Haka kuma idan wani a gidan yana ɗora bidiyo a kan layin, ƙunshin kiɗan zai shiga sahu a bayansa. Jamulus tana nuna jimillar jinkirin da lamba da kuma fitila, kore ko rawaya ko ja, kuma wannan lambar ce abin kallo bayan kowane sauyi, a riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda.

Akwai wata ƙa'ida da masu Jamulus suka sa a gaba da komai, wadda sabon shiga ke ƙi da farko. Yawancin sawunkad suna da maɓallin da ke mayar wa mutum sautinsa kai-tsaye, ba tare da ya bi ta kwamfuta ba. A situdiyo abu ne mai amfani. A kiɗan intanet kuwa a kashe shi, mutum ya saurari kansa yadda sabar ta dawo da shi tare da sauran. Wanda ke jin kansa nan take yana jin abokansa a makare, zai riƙa jiransu, su ma su jira shi. Wanda ke jin kansa daga sabar zai ɗan riga bugawa ba tare da ya sani ba, sai bugun kowa ya haɗu a wuri guda. Da farko akwai nauyi, musamman ga mawaƙi da ke jin muryarsa ta cikin kansa, amma hannu yana sabawa.

Bayan duk wannan sai nisa, wanda babu saitin da ke taɓa shi. Haske a cikin igiyar gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a sakan, wato milisakan ɗaya a kowace kilomita 200. Daga Kano zuwa Legas ta hanyar da igiya ke bi ya kai kilomita 1,000, zuwa da dawowa milisakan 10 ke nan a mafi ƙaranci. Igiyar MainOne da ta fara aiki a 2010 daga Legas zuwa Fotugal tana da tsawon kilomita 7,000, wato ƙarin 70. Makaɗa biyu da ke zaune a Kano, idan suka haɗu a wata sabar Turai, sautinsu ya kashe aƙalla milisakan 80 a tafiya kawai, ko da unguwarsu ɗaya. Wannan ya sa zaɓen sabar ya fi zaɓen bafa nauyi a wurinmu. Mafita ita ce sabar da ke kusa, ko wadda ɗaya daga cikin makaɗan zai kunna idan layinsa yana karɓar kira daga waje, ko wadda za a yi haya a wata cibiyar kwamfutoci a cikin ƙasa. Layukan wayar salula galibi ba sa ba mutum adireshin kansa, don haka ba su dace da riƙe sabar ba. Ina ganin situdiyo guda mai layin igiya a Kano ko Kaduna ko Jos zai iya yi wa makaɗan garinsa babban aiki da ƙaramar kwamfuta ɗaya da za a bari a kunne.

Wanda abokin kiɗansa ke Landan ko Jidda kuwa ya haƙura da kiɗa bugu-da-bugu, ya nemi wata dabara. Kamfanin Cockos, mai manhajar Reaper, ya fitar da NINJAM a 2005, wadda ba ta ƙoƙarin rage jinkiri sam. Ƙara shi take yi har ya cika zagaye guda na kiɗan, sai kowa ya riƙa bugawa a kan abin da sauran suka buga a zagayen da ya wuce. Kiɗan da ke maimaita salo ɗaya yana tafiya da kyau a haka, ko da teku na tsakani. Waƙar da jagora ke jefa baiti 'yan amshi su cafe nan take ba ta yiwuwa a wannan tsari, domin amshin zai iso wa jagoran ne bayan ya riga ya shiga baiti na gaba.