Uwargida, Kafin Ki Ba Da Kuɗin Adashinki A Sayi Motar Tsere

Yau zancen mota za mu yi. Kada wata ta ce ina ruwanta, domin in maigida ko babban ɗanki ya ga motar tsere da araha, kuɗinsa suka gaza, ke za a fara lallaɓa ki kawo na adashi, ko ki sayar da sarƙa. Tun da da kuɗinki a ciki, kina da bakin tambaya.

Bari mu ɗauki mota guda mu yi misali da ita, wato Mazda RX-8, wadda aka ƙera a Japan daga 2003 zuwa 2012. Kyakkyawa ce, gajeriya kamar ta kwanta a ƙasa, tana da kujeru huɗu, ƙofofinta na baya kuma baibai suke buɗewa. Ko a Turai da Amurka kwancenta na da araha ƙwarai in aka gwada da sa'o'inta. To, me ya jawo arahar? Injin ne.

Injinta ba irin na Toyota ko Peugeot da makanikanmu suka saba da shi ba ne. Babu fistan a cikinsa. Wani Bajamushe ne mai suna Felix Wankel ya ƙago shi. Wasu ƙarafa biyu ne masu kusurwa uku-uku ke juyawa a ciki, a bakin kowace kusurwa kuma akwai wani siririn ƙarfe da ke tare iska kada ta zurare. Da sun lashe, ƙarfin injin ya tafi, kuma ba a gyara su sai an sauke injin an wargaza shi baki ɗaya. Matsalar ta yi yawan da a Amurka sai da kamfanin ya ƙara wa'adin garantin injin motocin 2004 zuwa 2008 ya kai shekara 8 ko mil 100,000. Wannan wa'adi ya ƙare tuntuni.

Ga inda ake cutar mai saye. Injin da ya lashe yakan tashi lafiya lau da sanyin safiya, sai ya yi zafi halinsa ke fitowa. Dillali zai murɗa makulli sau ɗaya ta ɗauka, maigida ya washe baki. Ki ce masa kada ya yarda da wannan. A hau ta a zaga kamar minti 20, a kashe ta, a ɗan dakata, sannan a sāke tayarwa. In ta tsaya tana gurnani kafin ta kama, ko ta ƙi sam, a yi sallama da dillali. In ya ce ai batir ne, ko fulogi kawai za a sauya, to ya sauya da kuɗinsa, a dawo a sāke gwadawa. Gaskiya ne kwayil da fulogin wannan mota sukan mutu da wuri, amma ba da kuɗinki za a gano ko su ne ba.

Sai awon ƙarfin inji. Ma'aunin da aka saba gani a gareji ba ya faɗin gaskiyar wannan inji. Nasa dabam ne, kuma lamba shida yake bayarwa, uku ga kowane ƙarfe. Makanikin da bai taɓa jin wannan ba, kada a ba shi hukunci, ko da shi ke gyara motar gidanku shekara 20. Tun kafin a yi ciniki a tambaya: a garin nan wa ya taɓa buɗe irin wannan inji, kuma daga ina kayansa za su zo? Wasu in ya buga sai su cire shi su dasa na wata mota, saboda haka a buɗe bonet a tabbatar.

Tana shan baƙin mai ko da lafiyarta ƙalau, don haka aka yi ta, sai an riƙa dubawa ana ƙarawa. Fetur kuwa, a cikin gari lita guda da ƙyar take kai ta kilomita 7, kun kuma san yadda kuɗinsa ya koma tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023. Ba ta kuma son gajeriyar tafiya. In aka tayar da ita aka kashe kafin ta yi ɗumi, fetur kan cika injin ta ƙi tashi. Ashe ke nan ba motar fitarwa daga zaure a ajiye a ƙofar gida ba ce, balle layinmu mai kwazazzabo da damina.

Sauran dubawar irin ta kowace mota ce: a leƙa ƙarƙashinta don tsatsa da walda, a ɗaga kafet ko ta taɓa nutsewa a ruwa, a gwada lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, da ta takardun kwastan.

'Yan makaranta, ku ga aikinku. Ku ɗauki takarda ku rubuta wa Baba kuɗin motar, a ƙarƙashi kuɗin sāke inji kamar yadda makaniki ya faɗa, sai na taya huɗu da fetur na wata guda. Ku tara, ku ajiye masa kusa da takardar kuɗin makaranta ta zangon gobe.